Laka Ba Ta Bushewa a Gidan Goggo Thuan

Ruwa ba ya ba mu tsoro a tsohon garin Hoi An. Duk ƙarshen shekara sai kogi ya cika ya shigo mana har ɗaka, mu kwashe kaya mu haye bene, mu zauna muna kallonsa ta taga. Abin da ke hana mu sukuni shi ne abin da yake bari in zai tafi. Laka ce mai laushi kamar kunu, amma in ka kuskura ka bar ta ta sha iska, sai ta kama ƙasa da katako ta zama siminti, wari ya tare a gidan, ginshiƙai su fara ruɓewa daga gindi. Shi ya sa ba ma jiran ruwa ya gama tafiya. Da ya fara ja da baya ake sauka a shiga cikinsa, ana dama lakar da tsintsiya ana turawa, ruwan da ya kawo ta ya tafi da abarsa.

Ni sunana Lieu, kwalekwale nake tuƙawa, ina zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a kogi. Goggo Thuan ba goggona ba ce ta jini, aminiyar mahaifiyata ce, amma ta dake ni fiye da yadda uwata ta dake ni, don haka na fi ƙarfin a ce mini bare. Gidanta ne na ƙarshe a titinmu kafin bakin kogi. Shi ruwa ke fara shiga, shi yake bari a ƙarshe.

Daga wani ƙauye na tsallaken kogi aka kawo ta gidan tana amarya. Ta sha ba ni labarin cewa ko wata ba ta yi ba ambaliya ta zo, surukarta ta miƙa mata tsintsiyar kwakwa ta ce, “Yau za mu ga abin da muka auro.” Gidan kuwa dogo ne kamar zurfin rijiya, daga titi har bayan gida, da ɗan tsakar gida a tsakiya inda rana ke leƙowa. Mijinta, Kawu Duoc, kafintan jiragen ruwa ne, mutum shiru-shiru, ita kuwa ta yi maganar mutum biyu. Da 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa garin, sai ta jera ƙananan tebura a ɗakin gaba tana sayar da shinkafa da kaza. Shinkafar a romon kazar take dafa ta, da kurkur, har ta yi ruwan ɗorawa. Ba ta iya yaren kowa ba, amma in baƙo ya rage abinci a faranti sai ta tsaya a kansa da ludayi har ya cinye.

Da can titinmu cike yake da mutane, kuma muna da tsarinmu na wankin laka. Ruwa daga unguwar sama yake fara janyewa, saboda ta fi tudu. To duk gidan da ya gama wanke nasa, sai mutanensa su ɗauki tsintsiya su gangaro gidan da ke ƙasa da su. Haka ake ta bin ruwa gida-gida, taron yana ƙaruwa, kafin a iso gidan Goggo Thuan mutane sun yi yawan da sai an riƙa korar wasu. Ita kuma tana bene ta ɗora tukunya, kowa ya ci ya ƙoshi.

Sai baƙi suka yi yawa, gidaje suka yi daraja. Ɗaya bayan ɗaya maƙwabta suka ba da hayar gidajensu suka koma sabuwar unguwa. Wancan ya zama shagon tela, wancan na jakunkunan fata, wancan wurin shan kofi. Ban ga laifinsu ba, ni ma da baƙin nake ci. Amma in yamma ta yi aka kulle shaguna, sai ka rasa wanda za ka ari gishiri a wurinsa. Lokacin annobar nan da ƙafa ta ɗauke, har ciyawa ta fito a tsakanin duwatsun titi, masu haya da yawa suka gudu. Goggo Thuan ko gezau. Ta riƙa ƙulla shinkafarta a ganyen ayaba, ni ina kai wa masunta a kwalekwale, muka lallaɓa a haka har baƙi suka dawo.

Ɗa ɗaya gare ta, Khiem, yana aiki a birnin Da Nang. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugun yaro ba ne. A wankin laka babansa ya kwashi ciwon ƙirjin da ya kashe shi, kuma a hannun Khiem ya cika. Tun daga nan yaron ya tsani ruwan nan. Burinsa ya ɗauke uwar ya kai ta gidansa, a ba wasu masu sayar da tsaraba hayar tsohon gidan.

Ranar tunawa da rasuwar Kawu Duoc maganar ta fashe. An jera abinci a teburin kakanni, inda hotunan mamatan gidan suke, an kunna turare, muna zaune muna jiran su gama ci kafin mu ci namu, sai Khiem ya ce, “Inna, gwiwar nan taki ta ƙare. Titin nan kuma ba kowa, daga ke sai 'yan tsanar da ke tsaye a shagon tela.”

Ta ce, “Da Lieu.”

“Yaya Lieu mutum ɗaya ce, ita ma rabinta baki ne.”

Na ce, “Kai, ɗan nema! Bakin nan shi ya yi maka wasa kana tsula mini fitsari a baya.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “In ruwa ya zo bana, wa zai gangaro? Faɗa mini sunan mutum ɗaya. So kike in sake zama a asibiti ina riƙe da hannun wani?”

Goggo Thuan ta dafa tebur ta miƙe. Ta ɗauki turaren tsinke ta kunna, ta tsaya gaban hoton mijinta da na surukanta. Ta ce, “Tun zamanin kakan kakanka laka ba ta taɓa bushewa a gidan nan ba. Ranar da ta bushe, ko da faɗin tafin hannu ne, ka zo ka karɓi makulli, ba zan ce uffan ba. Kafin ranar kuma ka ƙyale ni in dafa shinkafata.”

Maganar da aka yi da turare a hannu ba a janye ta, kowa ya san wannan. Na harare ta, ta yi kamar ba ta gan ni ba.

Ruwan shekarar bai zo da wasa ba. Da aka ga kogi ya fara lasar titi, wasu masu keken ɗaukar baƙi da ke cin abinci a wurinta suka taya mu ɗaga kaya. Akwai ƙofa a tsakiyar rufin ɗakin gaba, da igiya da ƙugiya, ta nan ake jan komai zuwa bene. Teburin kakanni ya fara hawa kamar kullum, sannan tukwane da tebura da buhun shinkafa. Masu keken suka yi sauri suka koma ƙauyukansu kafin gada ta nutse. Ruwa ya yi ta hawa har ya kusa taɓa saman ƙofa, ya zauna abinsa.

Ni dai ina kan kwalekwale, ina bin tituna ina miƙa wa mutane ruwan sha ta taga. Wata safiya na tsaya a tagar Goggo Thuan, sai na tarar ta ɗaure kai, ta naɗe wando, tana leƙen matakala.

Ta ce, “Ya juya. Dubi matakalar can, jiya ba a ganinta.”

Na duba, ga katakon ya fito baƙi wuluk yana sheƙi. Kuma ba a hankali ruwan ke sauka ba, gudu yake yi. Irin wannan ba ya jiran kowa. Na dubi tsawon gidan, na dubi gwiwarta da ta kumbura. Ko mu biyun za mu mutu a kai, ba za mu wanke rabinsa ba.

Na ce, “Goggo, kada ki sauka sai na dawo.”

“Ina za ki?”

“Unguwar sama.”

Ta ce, “Ki gaishe mini da kwaɗuna.”

Gaskiya ta faɗa. Na tuƙa har inda kwalekwale ya fara gogar ƙasa, kowace ƙofa da ƙaton kwaɗo a jikinta. 'Yan matan da ke tsaron shagunan duk a tsallake suke kwana, gada kuma tana ƙarƙashin ruwa. Na tsaya a tsakiyar titi na ƙwala kiran da muke yi tun ina yarinya, “A gangaro! Ruwa ya juya, a gangaro!” Ba wanda ya amsa sai wani kare a kan rufi. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, kuma na takaici ne.

Ina juya kwalekwale sai na ji ana tafa mini. Wani ƙaramin masauki ne, baƙi sun cika barandarsa, ruwa ya tsare su, zaman ya ishe su. Sun ɗauka waƙa nake yi! Har da masu ɗaukar hoto. Na buɗe baki zan zage su da yarenmu, sai wani tunani ya zo mini. Mutanen nan fa da ƙafarsu suke zuwa ƙauye a sa musu malafa su bi bayan ɓauna suna huɗa, suna murna. Wanda ya yi wannan, me zai hana shi riƙe tsintsiya?

Da ɗan Turancina na kwalekwale da hannu da ƙafa na yi musu bayani. Tsohuwa, gida, laka, yanzu-yanzu. Suka dubi juna. Wani ƙato mai jan gemu ya fara saukowa, da ya taka kwalekwalen sai da na kira sunan uwata. Wata dattijuwa mai furfura ta biyo shi, da wasu ma'aurata, da 'yan mata biyu masu dariya ba dalili. Na kwashe su muka gangara.

Ashe ban yi lissafi da Goggo Thuan ba. Mun tarar ta riga ta sauka, ruwa iya ƙugunta, tana dama laka ita kaɗai. Da ta ga abin da na ɗebo sai ta gicciya tsintsiya a ƙofa.

“Me zan gani haka? Yau ba abinci.”

“Ba ci suka zo yi ba, Goggo. Aiki suka zo.”

“Wane aiki? Baƙo ya riƙe tsintsiya a gidana, ina raye? Ke Lieu, ruwan nan ya shiga kanki ne?”

“Su suka ce suna so!”

“Ko sun yi kuka. Abinci nake ba baƙo, ba laka ba. In na mutu me zan ce wa surukata? In ce na sa baƙi sun kwashe mata ƙazanta?”

Na ce, “Ki ce mata kin ba da gidanta an cika shi da tsarabar huluna da 'yan maɓallai, za ta fi jin daɗi!”

Muka yi ta yi, ni daga kwalekwale, ita daga bakin ƙofa, baƙi suna bin bakinmu da kallo. Ruwa kuwa bai tsaya sauraronmu ba. Daga ƙugu ya koma cinya, daga cinya ya doshi gwiwa, lakar jikin bango ta fara fitowa fili. Na nuna mata bangon na ce, “To shi ke nan. Bari in je in share miki ɗaki a Da Nang. An ce bene na goma ne, za ki riƙa hango kogi kamar zare.”

Ta dubi bangon, ta dubi ƙaton nan mai jan gemu tun daga sama har ƙasa. Sai ta juya ta kama matakala tana ɗingishi, ta ce, “Ce musu su hawo. Su cire takalma.”

Na yi zaton shayi za ta ba su ta sallame su. Da muka hau sai ta jera su gaban teburin kakanni, ta kunna turare ta danƙa wa kowa tsinke ɗaya, ta nuna musu yadda za su haɗa hannu su sunkuya. Suka yi, a karkace dai. Ita kuma ta dubi hoton mijinta ta ce, “Duoc, ga yaran unguwar sama sun gangaro. Sun ɗan canza kama, ka yi haƙuri, ka gaya wa Innarka.”

Ta juyo ta ce, “To, sun gaida masu gida, yanzu ba baƙi ba ne. Lieu, gaya wa wannan ƙaton ya daina wangale baki ya kama katako.”

Tabɗi! Tun daga nan ba wanda ta raga wa. Jan Gemu ya sami bokiti ya shiga kwasar ruwa yana watsawa waje, wai taimako yake yi. Ta zabga masa tsintsiya a ƙwauri. Ruwan da muke lallashi ya tsaya ya kwashe mana laka, shi yake kora! Ta jera mu sahu ɗaya tun daga bayan gida, masu tsintsiya suna damawa, masu katako suna turawa zuwa titi, 'yan matan nan suna wanke ginshiƙai daga sama zuwa ƙasa. Dattijuwar nan mai furfura ta fi kowa ganewa, ina jin a garinsu ma ana ambaliya. Mijin nan na cikin ma'auratan ya zame ya zauna daɓas, ya tashi kamar an tsoma shi a miya, Goggo Thuan ta yi dariya har da riƙe ginshiƙi. Rabon da in ji wannan dariyar tun Kawu Duoc yana da rai.

Muka yi ta bin ruwan taku-taku. Lokacin da ya sauka daga dokin ƙofa, lakar ƙarshe ta bi shi, ga daɓen gidan ya fito ja, tas da shi. Goggo Thuan ta hau bene ta ɗora tukunya a kurfoti. Suka zauna a matakala, laka har gira, suna cin shinkafa da kaza, ba wanda ya rage ko ƙwaya.

Washegari rana ta fito da ƙarfinta. Gada ta buɗe, masu shaguna suka dawo suna ta fama da tiyo da shebur, suna kankarar tasu lakar da ta riga ta kama, wasu kuma har sun fara rataye fitilun alharini. Garinmu ke nan, ruwa bai gama fita ba an fara kiran baƙi. Na zo da hantsi don mu sauke kaya. Muna gyara tsakar gida na ce bari in matsar da babbar randar da ke lungu.

Da na mirgina ta sai na daskare. A bayanta ga laka, ta ɗan fi tafin hannu, ta bushe ƙamas har ta tsattsage. Tsakar gidan ya ɗan fi ɗakunan tudu, muna can muna musu a ƙofa ruwa ya bar lungun, kuma a cikin sauri ba wanda ya tuna da randa. Rana ta ƙarasa sauran.

Na yi wuf na ɗauki bokiti. Goggo Thuan ta cafke mini hannu.

“Ajiye.”

“Goggo, wa ya gani? Ni da ke ne fa!”

Ta ɗaga kai ta dubi bene, inda teburin kakanni yake. Ta ce, “A gabansu na faɗa.”

Na roƙe ta, na yi faɗa, na ce wannan ba laka ba ce, ƙura ce. Ko kallona ba ta yi ba. Ta shiga ta ciro makulli daga ƙusar da yake rataye, ta sa a aljihun rigarta, ta koma ta ci gaba da yankan albasa. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, na zauna na rasa abin da ke mini daɗi.

Ba a jima ba muka ji babur. Khiem ne, wando a naɗe, idanu sun yi ja, da gani tun da ruwa ya hau bai yi barcin kirki ba. Ko gaisuwa bai yi ba, ya kama uwar yana duba ta kamar wanda zai sayi akuya. Sannan ya bi gidan yana shafa ginshiƙai, yana duba yatsunsa. A ɗakin gaba ya yi karo da Jan Gemu, wanda ya dawo da wasu abokansa, sun jawo tebur da kansu suna jiran shinkafa. Ƙaton ya nuna masa tafin hannunsa da ya yi kanta, yana washe baki.

Khiem ya ce, “Yaya Lieu, su wane ne waɗannan?”

Na ce, “'Yan unguwar sama. Babanka ya san su.”

Goggo Thuan ta goge hannu ta ce, “Zo nan.” Ta kai shi tsakar gida ta nuna masa lungun. Ta ciro makullin ta miƙa masa. Ta ce, “Ta bushe. Ga shi.”

Khiem ya tsaya yana kallon lakar nan. Ya ɗaga kai ya bi gidan da kallo, tun daga bayan gida har titi, inda baƙi ke leƙowa suna shaƙar ƙamshi. Ya dubi gwiwar uwarsa.

Sai ya sunkuya ya ɗauki bokitin da na ajiye. Ya tsiyaya ruwan a hankali a kan lakar, ya sa ƙafa ya murza ta har ta koma kunu.

Ya ce, “Inna, idon ma ya fara tafiya ne? Wannan ai ɗanya ce.”

Ta dubi lakar, ta dube shi.

Ya ce, “Amma baɗi, da kogi ya fara lasar titi, a nan zan kwana. Ke kuma kina bene wajen tukunya, ƙafarki ba za ta taɓa ruwa ba. In kin yarda, mu je ki faɗa a gabansu.”

Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar matakala ina sauke ajiyar zuciya, ina dariya ina share ido. Goggo Thuan ta mayar da makullin aljihu, ta ja hanci, ta ɗauko tsintsiyar kwakwa ta dangwara masa a hannu.

Ta ce, “To ka tsaya kana kallona? Tura ta waje kafin ta bushe.”